Guduma a Ɗane

Kwana tara da binne Baba
na sauko da bindigarsa daga saman kabad.
A Choteau dusar ƙanƙara ta kai wa shingen shanu wuya,
iskar duwatsu na buga kwanon rufi
kamar mai bin bashi.

Na shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin girki,
na tura ƙusoshi biyu da ɗan yatsa
yadda na ga yana yi tun ina hawa kujera in leƙa.
Sama ta rabu da ƙasa.
Bututu na gefe, da allura a cikinsa,
a hannuna sai gindi da kunama
da guduma a ɗane, tana jira.

Na duba sau biyu, babu harsashi.
Na duba na uku, don muryarsa ta ce in duba.
To me ya rage? in ji ni.
Rabin bindiga ai ba bindiga ba ce.

Na ja.

Ƙwas!
Ba irin ƙarar da ke tashin hankaki ba,
karyarmu ko kunne ba ta ɗaga ba.
Na ɗana, na sake ja,
don ƙarar ta dawo mini da daren Lahadi:
shi a nan, mai a tsumma,
rediyo na faɗin farashin maruƙa a Great Falls.
Sau nawa na ja? Ban ƙirga ba.
Kofi dai ya huce,
itacen murhu ya zama toka.

Sai da safe, a hasken taga,
na ga tsagar,
siririya kamar gashin gira,
a bangon da ke gaban guduma.

Merle Tveit ya shekara arba'in yana gyaran bindigogi
a shagon da ke bayan gidan mai.
Ya sa tabarau a kan tabarau,
ya bi tsagar da farce, ya daɗe bai ce uffan ba.
"Dagny," ya ce, "guduma don allura aka yi ta.
Allura ta karɓi duka, ta miƙa gaba.
Kin cire allura, amma wa ya gaya wa sifirin?
Shi ba ya tambaya ko da kowa a gida.
Ƙarfinsa na jiya shi ne na yau,
sai ya sauke a kan abin da ya tarar,
baƙin ƙarfe a kan alminiyam.
Sau ɗaya, wataƙila ki sha.
Amma yau da gobe, kin san abin da take yi wa dutse."

Ya ɗana ta, ya aza babban yatsa,
ya ja, ya rako ta a hankali
kamar mai ajiye ƙwai a faranti.
"Corwin bai nuna miki wannan ba?"

Ya nuna.
Duk Lahadin duniya ya nuna.
Ni ce nake kallon fuskarsa, ba hannunsa ba.

Na ce, tana gyaruwa?
Ya juya ta, ya nuna mini lambar da ke jiki.
"Wannan rabin da kika raina,
shi hukuma ke kira bindiga.
Sabo ina da shi, ki cike takardu, zuwa Alhamis.
Zai yi harbi daidai.
Sai dai ba shi ne ya sha gumin ubanki ba."

Na naɗe abina a rigar sanyin Baba,
na ajiye a kujerar da yake zama.
Mil goma sha tara zuwa gida,
hanya fari fat, shanu sun ba iska baya.

A bakin ƙyaure na juya zan ce,
"Baba, ka ji abin da Merle..."
Maganar ta riga ta taso da ƙarfinta duka.
Na sa babban yatsa a leɓe,
na sauke ta a hankali.